Darasi na 9: Zaitun da Alade Mai Ɗamara a Tuddan Siyena

A tsohuwar fadar majalisar birnin Siyena, a tsakiyar ƙasar Italiya, akwai wani zane da ya cinye bango guda. Ambrogio Lorenzetti ne ya yi shi tsakanin 1338 da 1339 bisa umarnin mahukuntan birnin, don ya nuna yadda gari da ƙauye ke zama idan mulki ya yi kyau. A ɓangaren ƙauye ga masu huɗa, ga masu girbi, ga fatake da jakunansu, ga gonaki jere a kan tuddai. A kan hanyar shiga gari kuma wani manomi ne ke koro alade. Aladen baƙi ne wuluk, amma da farin layi da ya zagaye kafaɗunsa ya gangara har ƙafafun gaba.

Kusan shekara 700 ke nan. Amma wanda ya bar Siyena yau ya nufi kudu maso yamma, ya yi tafiyar kilomita 20 ko makamancin haka, zai tarar da irin wannan alade yana kiwo a gindin itatuwa, da farin layinsa yadda mai zanen ya gan shi. Sunan irin Cinta Senese, wato mai ɗamarar Siyena, kuma a ƙarnin da ya wuce saura ƙiris ya ƙare ƙaf. Wannan darasi ziyara ce zuwa irin gonakin da suka riƙe shi, gonakin iyali da ke haɗa kiwonsa da noman zaitun ba tare da takin zamani ko feshin sinadari ba.

Gara a faɗi abin da kowa ya sani tun da wuri. Naman alade haramun ne ga Musulmi, kuma babu mai kiran wani ya taɓa abin da addininsa ya hana shi. A azuzuwan yaƙi da jahilci kuma akwai Kiristoci daga Kudancin Kaduna da Filato da Adamawa waɗanda kiwon alade sana'ar gidansu ce, kasuwar aladu ta Kafanchan ma har daga kudancin Najeriya ake zuwa cinta. Abin da ake so kowa ya duba shi ne yadda manomi ke riƙe tsohon iri, na dabba da na itace, har ya ci abinci da shi. Wannan ya shafi mai akuya kamar yadda ya shafi mai alade.

Isowa gona

Ɗaya daga cikin sanannun gonakin shi ne gandun Spannocchia, a ƙaramar hukumar Chiusdino, cikin yankin Toskana. Faɗinsa ya kusa hekta 450, sai dai mafi yawansa daji ne, wurin noma kaɗan ne a ciki. Hasumiyar dutsen da ke tsakiyar gidajen tun ƙarni na 12 take tsaye. Wani marubuci mai suna Delfino Cinelli ya sayi gandun a 1925, zuriyarsa ce kuma ke riƙe da shi har yanzu. Tun shekarun 1990 suka koma noman da Italiyawa ke kira biologico, wato mara takin zamani da feshin sinadari, suka kuma shiga sahun masu kiwon Cinta Senese. Suna karɓar baƙi masu kwana, suna kuma ɗaukar matasa daga ƙasashe daban-daban su yi wata uku suna koyon aikin gona.

Baƙon da ya zo irin wannan gona a watan Nuwamba, zaitun zai fara gani. Itace ne gajere, mai murɗaɗɗen jiki, ganyensa siriri, kore a sama, fari-fari a ƙasa, shi ya sa idan iska ta kaɗa sai tudun gaba ɗaya ya sauya launi. A wuraren da gangara ta yi tsanani an yi wa ƙasar matakala da katangun dutse don kada ruwan sama ya kwashe ta.

Aladun kuwa sai an shiga daji. Abin da ke tsare su 'yan siraran wayoyi ne masu lantarki, waɗanda da ƙyar suka wuce gwiwar mutum. Kafin a ƙarasa, mai gona zai ja kunnen baƙo: kada ya tsallaka waya, kada ya jefa musu ko ɓawon burodi. Dalilin zai zo nan gaba.

Daga kusa, dabbar ba ta yi kama da farin aladen da aka saba gani a hoto ba. Bakinta dogo ne, ƙafafunta ƙaƙƙarfa ne irin na mai yawo, kunnuwanta kuma sun faɗo gaba sun rufe idanu, abin da ke kare su daga ƙaya idan ta kutsa cikin sarƙaƙiya. Tana sa hanci a ƙasa ta ture ganye da turɓaya, ta tono saiwa da tsutsa, ta wuce ta bar wurin a birkice. Baƙar fatarta ba ta ƙonewa a rana yadda ta farin alade ke yi. Shiga taɓon da ake yi wa alade gori a kansa ma da dalili: jikinsa ba ya fitar da gumin da zai sanyaya shi, laka ce ke rage masa zafi, ta kuma kore masa ƙwari.

Babban abincinsa a wannan lokaci daga sama yake faɗowa. Dajin cike yake da itatuwan da mutanen wurin ke kira leccio da cerro, masu zubar da wani ƙwallo mai 'yar hula a kai, ghianda, daga kaka zuwa tsakiyar sanyi. Akwai kuma 'ya'yan itacen kastaniya. Abin da 'ya'yan gawo suke ga tumaki da rani a ƙasar Hausa, shi ghianda yake ga waɗannan aladu: abinci ne mai sa ƙiba wanda ba a nome shi ba, ba a kuma saye shi ba. Sai dai na 'yan watanni ne, kuma ba kowace shekara itatuwan ke zubarwa da yawa ba. Sauran shekara dole mai gona ya ƙara da sha'ir da masara da wani ƙaramin wake da suke kira favino.

Yadda aka kusa rasa irin

Shekaru ɗaruruwa ƙauyukan Toskana suna kan tsarin noma-mu-raba, wanda su suke kira mezzadria. Mai ƙasa ya ba da gona da gida, iyalin manomi su ba da ƙarfinsu, amfani kuma a raba biyu. A gona ɗaya za a ga layin zaitun, layin inabi, da alkama a tsakani. Kowane gida yana da aladunsa da yara ke korawa daji. Idan sanyi ya kankama sai a kira norcino, mahaucin da ke bin gida-gida, ya yanka, ya sa gishiri, ya rataye. Kitsen shi ne man girkin talaka na shekara, don haka a wancan zamani aladen da ya fi tara kitse shi ne ya fi daraja.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai komai ya juya. A shekarun 1950 da 1960 matasa suka yi ta barin tuddai zuwa masana'antun birane, aka bar gidajen dutse fayau. A 1964 doka ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniyar noma-mu-raba. A daidai lokacin kuma fararen aladu 'yan asalin Ingila, musamman Large White, suka mamaye kasuwa. Lissafin bai da wuya. Farar uwa takan haifi 'ya'ya goma sha biyu ko fiye, ta Siyena kuwa shida zuwa takwas. Farin alade a garke yakan kai kilo 100 cikin wata shida, baƙin yana bukatar ninkin wannan lokaci. Masu saye ma sun daina son kitse, tsoka suke nema.

Da farko manoma suka riƙa haɗa baƙar uwa da farin namiji, daga baya suka watsar da baƙar gaba ɗaya. Littafin rajistar irin, wanda aka buɗe tun shekarun 1930, aka daina rubuta komai a cikinsa a shekarun 1960. Zuwa shekarun 1980 abin da ya rage 'yan tsiraru ne a hannun wasu masu taurin kai, kuma kusan duk dangin juna ne. Har yau masu kiwon suna fama da wannan: iri ya taso daga iyaye kaɗan, dole a riƙa duba asalin kowane namiji kafin a haɗa shi da mace, in ba haka ba 'ya'yan su fito da rauni.

Abin da ya ceto shi

Ana son a ce ƙauna ce ta ceto shi, kuma da ita a ciki. Amma ƙauna ba ta sayen sha'ir. Abin da ya tsayar da irin da ƙafafunsa shi ne rubutu da suna da kasuwa.

A 1997 aka sake buɗe rajista, ƙarƙashin ƙungiyar masu kiwon aladu ta ƙasar, kowace dabba da lambarta a kunne da sunan iyayenta a takarda. A 2012 Tarayyar Turai ta sa naman cikin jerin kayan da doka ke kare sunansu, masu tambarin DOP. Daga ranar, ba wanda zai rubuta Cinta Senese DOP a kan kayansa sai ya cika sharuɗɗa. Dole a haifi dabbar a Toskana daga iyaye masu rajista, a yi kiwonta a can, a yanka ta a can. Daga wata na huɗu dole ta kasance a sarari, a daji ko a makiyaya. Nauyin dabbobin da za a zuba a hekta ɗaya kada ya wuce kilo 1,500, wato manya goma ko kusa da haka. Ƙarin abincin da za a ba ta a yini, a ƙa'ida, kada ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyinta. Kuma ba a yanka ta sai ta cika wata 12.

Sharaɗin hekta ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya raba kiwo da ɓarna. Alade dabba ce mai tono. Idan suka yi yawa a wuri ɗaya, sai su cinye ƙwallayen da za su tsiro su zama sababbin itatuwa, su bayyana saiwar manya, su dandaƙe ƙasa da kofato, ruwan sama ya zo ya wanke abin da ya rage. Masana daji a Toskana sun daɗe suna gargaɗi a kan haka, kuma akwai wuraren da aka ga dajin ya koma fili. Mai gonar da ya san aikinsa yana raba dajin gida-gida da waya, ya riƙa ɗaga garken daga wannan zuwa wancan, ya bar na baya ya huta. Wannan dalili ne kuma ya sa ba a cika sakin aladu su daɗe a gindin zaitun ba, duk da cewa masu tallar yawon buɗe ido suna son irin wannan hoto. Saiwar zaitun ba ta da zurfi sosai, katangar dutse kuma ba ta jure hancin alade. Haɗin da ke tsakaninsu ta bayan fage yake bi: kashin dabbobi da shimfiɗar garke su ruɓe su zama taki a kai gindin itatuwa, favino kuma a shuka shi tsakanin layuka ya ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Naman da ake samu ja ne sosai, kitse ya ratsa shi. Ana sa wa cinya gishiri a rataye ta shekara ɗaya zuwa biyu ta zama prosciutto, ana kuma yin wani tsiran alade mai ƙamshin tsabar wani tsiro, finocchio, da ake kira finocchiona. Farashinsu ya ninka na kanti, kuma masu gidajen abinci a Siyena da Firenze suna rubuta sunan irin a takardar abincinsu don sun san zai ja mai saye.

Kakar zaitun

Mai karatu ya san zaitun tun kafin ya ga itacensa. Sunansa ya zo a Suratut Tin da Suratun Nur, Dutsen Zaitun na Ƙudus kuma sananne ne ga masu karanta Linjila. Abin da ba a cika sani ba shi ne wahalar da ke bayan kwalba ɗaya.

Ɗanyen zaitun ba ya ciyuwa. Wanda ya tsinko ya sa a baki zai tofar nan take saboda ɗaci. A Toskana nau'o'i uku ne suka fi yawa, Frantoio da Leccino da Moraiolo, sai a ɗan sirka Pendolino a tsakani don furensa ya taimaki sauran su ɗauka. Itacen yakan yi shekaru kafin ya fara ba da abin kirki, amma idan ya kama yakan wuce shekara ɗari yana bayarwa. Yana da halin shekara ɗaya ya cika, shekara ɗaya ya yi rowa. Ƙarshen sanyi ake datse rassansa a buɗe tsakiyarsa don rana da iska su shiga. Tsofaffin wurin kan ce sai tsuntsu ya iya ratsa itacen a guje ba tare da fiffikensa ya taɓa reshe ba, sannan aski ya yi.

Girbi daga tsakiyar Oktoba ne zuwa Disamba, kuma mutanen Toskana da gangan suke yinsa da wuri, lokacin da 'ya'yan suka fara juyawa daga kore zuwa shuni. Ana shimfiɗa raga a ƙasa a zagaye gindin. Wasu su tsefe rassa da ɗan matajin roba a hannu, wasu su ɗaga doguwar sanda mai batir wadda yatsunta ke karkaɗa reshe, 'ya'yan su riƙa zubowa a kan ragar. Sai a tattara bakin ragar, a tsince ganye da ƙirare, a juye cikin akwatunan roba masu huji. Ba a zuba su a buhu, domin a buhu suna ɗumama su fara tsami. Dangi da maƙwabta kan zo taya aiki, a sallame su da mai.

Daga nan gudu ake yi. Mai gonar da ke son mai na ƙwarai yana kai kayansa frantoio, wato gidan matsa, cikin yini ɗaya ko biyu. A wannan lokaci injinan wurin har tsakar dare suke aiki, manoma na jiran layi. Ana wanke 'ya'yan, a niƙa su da ƙwallonsu, a juya ƙullun a hankali na kimanin rabin awa har ɗigon mai ya haɗu, sannan wani inji mai juyawa da gudu ya raba mai da ruwa da tuƙa. Ba a sa wuta, ba a sa sinadari. Dokar Turai ta ce ba za a rubuta matsar sanyi a kan kwalba ba idan zafin ƙullun ya kai digiri 27. Ba kuma za a kira shi extra vergine ba sai tsaminsa bai wuce kashi 0.8 cikin 100 ba, kuma ƙwararrun masu ɗanɗano ba su ji wani aibi a cikinsa ba.

Tambayar da kowa ke yi wa kowa a bakin injin ita ce resa: nawa ya ba ka? Kilo 100 na zaitun da aka tsinka da wuri yakan ba da kilo 10 zuwa 15 na mai. Da an bari ya nuna sosai da ya fi haka, amma ƙamshi da ƙarfin man sun ragu. A waɗannan tuddai itace guda sau da yawa ba ya wuce lita ɗaya ko biyu a shekara.

Sabon man, olio nuovo, kore ne shar, da ɗan duhu, yana ƙamshin ɗanyar ciyawa, kuma idan ya wuce maƙogwaro yana yaji har mutum ya yi tari. Wannan yajin ba aibi ba ne, alamar sinadaran da ke hana man lalacewa ce. Ana gasa burodin Toskana, wanda ba a sa masa gishiri, a goga masa tafarnuwa, a kwarara masa mai, a barbaɗa gishiri. Sunansa fettunta, kuma shi ne abin da za a miƙa wa baƙo a wannan wata. Musulmin da ya je, nan ne zai ci ya ƙoshi hankali kwance.

Akwai abin ɗauka a nan ga mai sayen man zaitun a kasuwannin Kano ko Zinder. Haske da zafi da iska su ke kashe shi, shi ya sa masu yinsa ke zuba shi a baƙar kwalba ko gwangwani. Farar kwalbar da ta wuni a kan tebur cikin rana, ko da man ƙwarai aka zuba mata, ta riga ta yi asara. Wanda aka rubuta wa pomace kuma daga tuƙar da ta rage aka tatso shi da sinadari, aka tace, aka ɗan sirka da mai kyau. Ana girki da shi, amma ba shi ne na farko ba, bai kuma kamata a biya kuɗin na farko a kansa ba.

Sanyi, ƙuda da annoba

A Janairun 1985 aka yi wani sanyi da har yau manoman Toskana ke lissafin shekaru da shi. A Firenze ma'auni ya sauka ƙasa da sifili da digiri 20 da wani abu. Itatuwan zaitun masu ɗimbin yawa suka tsage suka bushe. Manoma suka sare su daga gindi, saiwar kuma ta sake tofo. Shi ya sa baƙo zai ga itatuwa da yawa masu jiki uku ko huɗu da suka fito daga kututture ɗaya: 'ya'yan 1985 ne.

Abokin gaba na kowace shekara kuwa ƙudan zaitun ne. Macen tana huda ɗan itacen ta sa ƙwai, tsutsa ta ci cikinsa, man ya fito da tsami. A 2014, da damina ta yi laima, ƙudan ya yi wa Italiya mummunar ɓarna, har gonaki da yawa a Toskana ba su matsa ko lita ɗaya ba. Manomin biologico ba shi da izinin maganin ƙwari na sinadari. Abin da yake yi shi ne ya rataya tarko ya riƙa ƙirga ƙudan da suka faɗa, ya fesa wa itatuwan farar ƙasa da aka dama da ruwa har su yi fari fat ƙudan ya kasa gane su, ya sake fesawa duk lokacin da ruwa ya wanke, in abin ya ci tura kuma ya yi girbi da wuri ya haƙura da ƙarancin mai.

Ga aladu, abin tsoro shi ne zazzaɓin aladu na Afirka, wanda aka fara bayyana shi a Kenya a 1921. Ba ya kama mutum, amma garken da ya shiga kusan ƙarewa yake yi, kuma Turai ba ta da allurar rigakafinsa da aka amince da ita. Ya shiga tsibirin Sardiniya a 1978 ya daɗe a can, a Janairun 2022 kuma aka same shi a jikin aladun daji a arewacin Italiya. Masu kiwo a Najeriya sun san shi sarai, domin a 2020 ya kashe dubban aladu a Oke-Aro, kusa da Legas. Ƙwayar cutar tana daɗewa a cikin nama, tana kuma bin takalmi da tayar mota. Dalilin jan kunnen baƙo ke nan. Kuma abin da ya sa naman Cinta ya yi daraja, wato yawo a daji, shi ne ya fi jefa shi cikin haɗari, tun da a dajin ne aladun daji ke yawo. Yanzu sai an kashe kuɗi a kan shinge mai ninki biyu.

Takarda da kuɗi

Wani zai ce: ai kakanninmu ma ba su san takin zamani ba, mene ne sabo? Sabon shi ne shaida. A Turai ba wanda zai ce kayansa biologico ne da fatar baki. Dokar farko ta fito a 1991, wadda ake aiki da ita yanzu kuma ta fara aiki a Janairun 2022. Gonar zaitun sai ta yi shekara uku tana bin ƙa'ida kafin a yarda a sa wa manta koren tambarin nan mai ganye da taurari. Ɗan alade sai ya sha nonon uwarsa aƙalla kwana 40. Ba a ba dabba maganin kashe ƙwayoyin cuta don rigakafi. Idan ta kamu a yi mata magani, amma a ninka kwanakin jira kafin a sayar da namanta. Mai duba gona yana zuwa, ya buɗe rasiɗai, ya ƙirga buhuna, ya kwatanta abin da aka saya da abin da aka sayar. Manomin ne kuma ke biyan kuɗin binciken.

Duk da tsadar mai da nama, gonaki da yawa irin wannan ba za su tsaya da su kaɗai ba. Tun 1985 Italiya ta yi dokar agriturismo, wadda ta ba manomi damar saukar da baƙi da ciyar da su a gonarsa, kuma Toskana ce kan gaba a yawan masu wannan sana'a. Gidajen da manoman noma-mu-raba suka bari su ne aka gyara suka zama masaukai. Wato baƙon da ya zo kallo shi ma amfanin gona ne. Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce wannan abinci na masu hali ne. Sifen ce ƙasar da ta fi kowace samar da man zaitun a duniya, a Italiya ma yankin Puglia ya fi Toskana nesa ba kusa ba. Gonar tudu ba ta gasa da su a yawa ko a araha. Da suna take gasa.

Inda zancen ya taɓo gida

Zaitun da wuya ya yi 'ya'ya a ƙasar Hausa, domin yana bukatar dogon sanyi kafin ya yi fure, fiye da abin da hunturu ke bayarwa. Atilen Filato da wasu ke kwatanta shi da zaitun itace ne daban. Amma batun tsohon iri yana nan a ƙofar gida. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, fatarta ce ta daɗe tana ratsa hamada har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Shanun Kuri masu kumburarren ƙaho na Tafkin Chadi suna raguwa saboda janyewar ruwa da rikici da cuɗanya da wasu nau'o'in. Muturu, 'yar gajeriyar saniyar da ke jure cutar sammore, ita ma tana ja da baya. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, tana aiki a kan irin waɗannan dabbobi, amma a kara, idan aka zo ciniki, nauyi da ƙiba ake dubawa, ba mai tambayar takardar asali, ba kuma mai ƙara ko sisi saboda tsarkin iri.

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya yi abu biyu. Ya lissafa a littafinsa: idan garke yana da aladu 8, kowanne kilo 120, kilo nawa na ƙarin abinci dokar kashi 2 cikin 100 ta yarda a ba su a yini? Sannan ya sami wani dattijo ko dattijuwa a unguwarsu ya tambayi sunan wani irin gero, dawa, wake, kaza ko akuya da aka sani a da amma yanzu ya yi wuyar gani. Ya rubuto sunan, da abin da ake yabonsa da shi, da dalilin da ya sa aka bar shi, da kuma ko akwai wanda yake riƙe da shi har yanzu.